Yadda Ake Saita Taimin Wuta a Tsohon Injin Mota Mai Distiributa

Duk wanda ya daɗe yana mu'amala da tsofaffin motoci ya san irin motar da fulogoginta sababbi ne, kafiretarta a wanke take, batirinta cike da caji, amma da zarar an taka totur sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta da igiya, ko kuma ta kama hawan tudu tana wata ƙara sai ka ce ana girgiza tsakuwa a cikin gwangwani. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai, alhali lokacin da wuta ke isa bakin fulogi ne ya goce daga inda ya kamata. Daidaita wannan lokaci shi ne abin da kanikawa ke kira saita taimin. Juya distiributar kanta, wato na'urar da ke raba wa fulogogi wuta, ba ta cin minti biyar, amma akwai abubuwan da dole a tabbatar da su kafin a kai hannu gare ta, kuma yawancin wannan jagora a kansu ya tsaya.

Dalilin da ya sa wuta ke riga fistin isa sama

Fistin yana zuƙo iska da fetur, ya matse su, wuta ta kama su su tura shi ƙasa, sannan ya fitar da hayaƙi. Wurin da ya kai ƙarshen hawansa shi ne ƙololuwa, wadda littattafan gyara ke rubutawa da haruffan TDC. Mutum zai zaci a daidai nan ya kamata fulogi ya ba da tartsatsi, amma haɗin iska da fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci kafin wutar ta ratsa ɗakin ƙuna duka. Saboda haka ake kunna shi tun fistin yana kan hanyar hawa, domin ƙarfin turin ya cika jim kaɗan bayan ya juya ya fara sauka. Ana auna wannan sammako da digirin juyawar karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, kuma idan aka ga an rubuta 8° BTDC, ana nufin digiri 8 kafin ƙololuwa.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin da ya sa adadi ɗaya ba ya isar inji a kowane gudu. Injin da ke juyi 800 a minti ɗaya yana cin digiri 4,800 a daƙiƙa, wato a cikin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ya yi tafiyar digiri kusan 10. Idan ya kai juyi 3,000, a cikin wannan ɗan lokacin dai zai ci digiri 36. Don haka dole wuta ta riƙa ƙara sammako yayin da gudu ke ƙaruwa, har zuwa wani mataki da take tsayawa, domin a gudu mai yawa iskar da ke cikin silinda tana hautsinewa sosai, ƙunar ma ta ƙara sauri. Abubuwa biyu ne ke wannan aiki a cikin distiributa. Na farko wasu ƙananan ƙarafa ne masu nauyi a ƙarƙashin farantin kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa yana yanke wuta), waɗanda gudu ke buɗe su, sifirin kuma ke janyo su. Na biyu ɗan gwangwanin nan ne da ke maƙale a gefen distiributa, wanda siririn tiyo ya haɗa da kafireta, yana amfani da zuƙar iskar inji ya ƙara sammako a lokacin da mota ke tafiya ba nauyi. Wannan tsari na batir da kwayil (na'urar da ke ɗaga wutar batir zuwa dubban bolt) da kwantak, wanda Charles Kettering ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1910, shi ya riƙe motocin fetur har zuwa shekarun 1970, lokacin da na'urorin lantarki suka fara maye gurbin kwantak.

Idan sammakon ya yi yawa, matsi yana cika tun fistin bai gama hawa ba, sai a ji ƙarar tsakuwar nan, kik ya riƙa tirjewa musamman idan inji ya yi zafi, kuma in aka ci gaba da tuƙi a haka fistin na iya cinyewa ko ma ya huje. Idan kuwa wutar ta makara, man yana ci gaba da ƙonewa har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai, ruwan lagireto ya yi zafi, bututun hayaƙi ya yi zafin da ya wuce kima.

Kayan aiki da adadin da za a bi

Ana bukatar sifanar da ta dace da notin da ke riƙe distiributa, sukundireba, fila geji (siraran ƙarafan auna faɗin tazara), ƙwan fitila mai bolt 12 da wayoyi biyu, farin alli ko farin fenti, da fitilar taimin mai walƙiya. Idan mota ba ta da agogon juyin inji, a nemo na hannu, wanda galibi yake haɗe da ma'aunin duwel, wato digirin da kwantak ke ɗauka a rufe. Sai kuma adadin da masu ƙera injin suka ba da, wanda ake samu a littafin gyara ko a takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet. Yawancin tsofaffin injuna suna tsakanin digiri 5 da 12 kafin ƙololuwa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, amma wannan ba hujja ba ce ta yin kirdado, domin ko a ƙirar mota ɗaya adadin yana sauyawa da irin distiributar da aka ɗaura. Volkswagen Beetle misali ne mai kyau, da yawa ana saita su a digiri 7.5 kafin ƙololuwa, amma akwai masu tiyon iska biyu da ake saitawa a digiri 5 bayan ƙololuwa. Tare da digirin, a karanta yawan juyin da aka ce a auna a kai, da kuma ko an ce a cire tiyon iska ko a bar shi.

A yi aikin a inda iska ke kaɗawa saboda gubar hayaƙi, giya a firi, hambirki a ja. Kada a bar hannun riga ko wayar fitila su yi lilo kusa da fanka, kuma a tuna cewa wayoyin fulogi suna ɗauke da dubban bolt.

Mataki na farko, kwantak kafin taimin

Tartsatsi yana fita ne a daidai lokacin da bakin kwantak ya buɗe, domin a nan ne wutar da ke ratsa kwayil take yankewa. Ke nan duk abin da ya sauya faɗin bakin kwantak ya sauya taimin. Idan bakin ya yi faɗi, zai buɗe da wuri, wuta ta yi sammako. Idan ɗan robar da ke gogar gwiwoyin sandar distiributa ya cinye, bakin ya tsuke, wuta ta makara, kuma wannan ne ya sa motar da aka saita da kyau take yin sanyi sannu a hankali ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Wanda ya saita taimin sannan ya dawo ya gyara kwantak ya rushe aikinsa da hannunsa.

A cire hular distiributa da rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin hular, a duba fuskokin kwantak. Idan sun ƙone, ko ɗaya ya yi tsini ɗayan ya yi rami, a sauya su tare da kwandansa, domin fila geji ba zai faɗi gaskiya a kan fuska mai tsini ba. A juya inji da hannu har robar ta hau kan tsinin gwiwa, a sassauta sukurun da ke riƙe kwantak, a zura fila geji. A injuna masu silinda huɗu faɗin yakan kasance wajen milimita 0.4, kuma gejin ya kamata ya shige da ɗan jan jiki kaɗan, ba ya lilo, ba ya kuma tura bakin ya ƙara buɗewa. Mai ma'aunin duwel ya fi samun daidai, domin yana auna digirin da kwantak ke ɗauka a rufe yayin da inji ke juyawa, wanda yake kusan 50 a silinda huɗu, kusan 30 a silinda takwas. Kowane digiri ɗaya da duwel ya motsa, taimin ma yana motsawa da kusan digiri ɗaya. Kafin a mayar da rota, a shafa ɗan giris kamar ƙwayar gero a kan gwiwoyin, a ɗiga baƙin mai ɗigo ɗaya ko biyu a kan ɗan audugar da ke tsakiyar sandar idan akwai. Daga nan a ɗora rota, a murɗa shi da yatsu zuwa ɓangaren da yake juyawa, ya kamata ya ɗan motsa sannan ya dawo da kansa. In ya ƙi motsi, ƙarafan nan sun cije da tsatsa, in kuma bai dawo ba, sifirin ya mutu.

A duba fulogogi da faɗin bakinsu a wannan zama. Motar da distiributarta ta lantarki ce, ba ta da kwantak, sai a tsallake wannan mataki.

Mataki na biyu, tabbatar da alamar

Alamar taimin ƙaramar tsaga ce a bakin fulin karanshaf, tana wucewa ta gaban wani ɗan ƙarfe mai tsini ko faranti mai lambobi. A wasu injunan tana jikin falaiwil, ana leƙa ta ta wata kafa a mahaɗar inji da giyabos. A goge maiƙo, a cika tsagar da farin fenti, a kuma shafa wa lambar da ake nema a kan farantin.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali alamar ma tana iya yin ƙarya. Wasu fulin guda biyu ne, na ciki da zobe na waje, da roba a tsakani, kuma idan robar ta tsufa zoben yana zamewa ya tafi da tsagar. Na taɓa ɓata yini guda a kan wani inji mai silinda shida da na saya a hannu, fitila tana nuna mini digiri 10 cif, motar kuwa ba ta iya hawa ɗan tudun da keke ma ke hawa. Sai da na auna ƙololuwar da kaina na ga zoben ya zame da fiye da faɗin yatsa. Tun daga ranar ba na yarda da tsagar da ban gwada ba.

Gwaji mai sauƙi shi ne a cire fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya inji da sifana ta ɓangaren da yake juyawa, har a ji iska tana ture yatsan. Wannan ya nuna fistin yana hawan matsi ne, ba hawan fitar da hayaƙi ba, kuma bambancin yana da muhimmanci, domin tsagar tana zuwa gaban ɗan ƙarfen sau biyu kafin distiributa ta kammala zagaye ɗaya. Daga nan a zura siririn tsinken roba mai tsawo a ramin, a ci gaba da juyawa a hankali har ya daina hawa. A wannan wuri tsagar ta kasance a kan sifiri, rota kuma yana nuna wayar silinda ta ɗaya. Mai son ƙarin daidaito sai ya cire kan batir, ya ɗaura matokarin fistin, wato ƙarfen da ke tare fistin kafin ya kai ƙololuwa, a ramin fulogi, ya juya inji da hannu a hankali har fistin ya taɓa shi, ya yi alama a fuli, ya juya ta ɗaya ɓangaren har ya sake taɓawa, ya sake yin alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa ta haƙiƙa. Kada a kusanci kik alhali matokarin yana ciki, garin neman gira kada a rasa ido.

Idan fulin tsaga ɗaya kawai gare shi, ana iya zana digirin da hannu. Fuli mai faɗin milimita 150 kewayensa kusan milimita 471 ne, idan aka raba da 360 kowane digiri ya zama milimita 1.3. Ke nan digiri 10 milimita 13 ne daga tsagar, digiri 30 kuma milimita 39, kuma ana auna su ne zuwa ɓangaren da fulin yake juyawa, domin su ne za su riga tsagar isowa. Tun da hular tana hannu, a bi wayoyin fulogi a tabbatar da jerinsu. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere suna bin 1-3-4-2, masu shida 1-5-3-6-2-4, Beetle kuwa 1-4-3-2.

Mataki na uku, saiti da inji a kashe

Wannan hanya ta dace da injin da aka cire wa distiributa, ko wanda ya ƙi tashi, kuma da ƙwan fitila kawai ake yin ta. A juya inji ta hanyarsa har alamar digirin da ake so ta zo daidai da ɗan ƙarfen a hawan matsi na silinda ta ɗaya. Idan an zarce, a koma baya sosai a sake tahowa, domin sarƙa da haƙoran giya su miƙe ta ɓangaren da suke aiki. A haɗa waya ɗaya ta ƙwan da ƙafar kwayil mai zuwa distiributa, wadda a kwayil ɗin Bosch take da lamba 1, ɗayar kuma a jikin inji. A sassauta notin distiributa, a kunna makulli ba tare da an yi kik ba.

A juya jikin distiributa zuwa ɓangaren da rota ke juyawa har ƙwan ya mutu, alamar kwantak ya rufe. Sannan a dawo da ita a hankali ƙwarai, ana saɓa wa juyawar rota, har ƙwan ya kama. A tsaya a daidai nan a ɗaure notin. Don gwaji, a mayar da inji baya kamar rubu'in zagaye, a sake tahowa da shi, ƙwan ya kama a daidai lokacin da alamomin suka haɗu. A kashe makulli da zarar an gama, domin barinsa a kunne da kwantak a rufe yana dafa kwayil.

Mataki na huɗu, saiti da fitila mai walƙiya

A tayar da inji a bar shi ya yi zafinsa na aiki, cok ya buɗe gaba ɗaya. A haɗa jar wayar fitila da baƙar a kan batir, a maƙala matsenta a wayar fulogi ta ɗaya, kibiyar da ke jikinsa tana kallon fulogi, kuma a nisanta shi da sauran wayoyi da bututun hayaƙi. Idan littafi ya ce a cire tiyon iska, a cire shi daga gwangwanin distiributa, a toshe bakinsa da ƙusa ko ɗan sukuru, in ba haka ba kafireta za ta riƙa shan iskar banza silo ya lalace. A daidaita silo zuwa adadin da aka rubuta, domin idan ya haura kusan juyi 1,000 ƙarafan ciki sun fara buɗewa, abin da za a karanta ba saitin tushe ba ne.

A haska fitilar a kan fuli. Walƙiyarta za ta sa farar tsagar ta bayyana kamar a tsaye take, haka ma fanka wani lokaci, kuma wannan shi ne haɗarin aikin, don haka hannu ya yi nesa da ita. A kalli alamar kai tsaye, domin kallon karkace yana iya ƙara ko rage digiri biyu. A sassauta notin daidai yadda distiributa za ta juya da ɗan ƙarfi, a riƙe ta ta ƙasa, nesa da wayoyi. Saɓa wa juyawar rota yana ƙara sammako, bin ta yana ragewa. A riƙa motsawa kaɗan-kaɗan, domin distiributa tana juyawa da rabin gudun karanshaf, digiri ɗaya a jikinta biyu ne a fuli. Ƙarin sammako yakan ɗaga silo, saboda haka a sake saukar da shi a kafireta, a sake haskawa. Bayan an ɗaure notin a ƙara dubawa, domin ɗaurin kansa yakan ja distiributar ta ɗan goce.

Idan tsagar tana rawa, tana kai da komo da digiri da yawa, babu saitin da zai zauna. A kama sandar distiributa a girgiza ta gefe da gefe, in tana lilo bushinta ya cinye. In ba ta lilo, a zargi sarƙar taimin da ta saki.

Motocin ƙarshen zamanin distiributa, waɗanda kwamfuta ke sarrafa sammakonsu, suna da ƙarin sharaɗi, sai an hana kwamfutar sa hannu kafin a auna. A Toyota da yawa ana haɗa ramukan waya biyu da aka rubuta wa TE1 da E1 a cikin ɗan akwatin gwaji, a wasu motocin Ford kuma ana zare abin da aka rubuta wa SPOUT. In ba a yi haka ba, ana juyawa kwamfuta tana gyarawa.

Mataki na biyar, wanda aka fi tsallakewa

Mota ba a silo take yini ba, don haka saitin silo rabin aiki ne. Tiyon yana cire, a ɗaga totur a hankali ana haskawa. Tsagar ta riƙa tafiya zuwa ɓangaren sammako sumul, ba tsalle, ta tsaya wajen juyi 3,000 zuwa 3,500. A injuna da dama jimillar tana faɗawa tsakanin digiri 28 da 36, kuma a ganina wannan adadin ya fi na silo muhimmanci, domin shi ne ke ƙona fistin idan ya zarce. Idan tsagar ba ta motsa ba, ƙarafan sun cije, kuma wanda ya nemi rufe wannan aibi da ƙara sammako a silo zai samu mota mai wahalar tashi, ga kuma rashin ƙarfi a babban titi. Gyaran shi ne a buɗe distiributa a wanke, a sa mai.

Gwangwanin iska kuma ana gwada shi da baki. Inji yana kashe, hula a cire, a tsotsi tiyon da ke zuwa gare shi, farantin kwantak zai ɗan juya. A toshe tiyon da harshe, farantin ya tsaya a inda yake har sai an saki. In iska tana wucewa kamar ana zuƙar bututun da ba komai a ciki, fatar da ke cikin gwangwanin ta yage, sai sauyawa. A mayar da tiyon, a ɗaga totur kaɗan, a ga ƙarin sammako a kan na dā. Kada a damu idan mayar da shi bai sauya komai a silo ba, wasu kafiretocin ba sa ba shi iska sai totur ya ɗan buɗe.

Gwajin hanya

Adadin da ke littafi an rubuta shi ne don sabon inji da irin man da aka ƙera shi dominsa. Tsohon inji kuwa ya tara baƙin gawayi a ɗakin ƙuna, wataƙila an taɓa karce kan silindarsa, matsinsa ya ƙaru, ko kuma man da ake samu bai kai ƙarfin oktan ɗin da yake so ba. Saboda haka a fita da mota bayan ta yi zafi, a sa babbar giya a gudun kilomita 40 zuwa 50 a sa'a, a taka totur har ƙasa, gilashi a sauke ana saurare. Ɗan ƙyas-ƙyas na daƙiƙa ɗaya da ya ɓace da kansa ba abin tsoro ba ne, amma idan ƙarar ta ɗore, a tsaya a rage digiri 2, a sake gwadawa, har ta ɗauke. Ban yarda da saita taimin da kunne a silo ba, inda ake juya distiributa har inji ya fi daɗin ƙara, domin injin da ba ya ɗauke da nauyi yana son sammako fiye da abin da zai iya jurewa a kan tudu.

Idan an samu wurin da ya dace, a ja siririn layi da tsinin sukundireba daga gindin distiributa zuwa jikin inji, a rubuta digirin silo da na juyi 3,000 da duwel a littafin mota tare da adadin kilomita. Robar sabon kwantak tana saurin cinyewa a farkon amfani, don haka bayan kamar kilomita 1,000 a sake auna faɗin bakinsa, a mayar da shi yadda yake, sannan a haska fitila a ga ko tsagar ta koma kan lambarta.